Buɗaɗɗiyar Wasiƙa: Me Ya Sa Ake Zubar Da Jini A Wani Yanki Fiye Da Wani?

Masu girma ministocin harkokin cikin gida, na shari'a da na lafiya, tare da shugabannin 'yan sanda na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku gaisuwar ban girma, ina kuma roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Shekara 19 ke nan ina aiki a sashen agajin gaggawa, galibi aikin dare. Da bakin abokan aikina nake magana: likitocin tiyata, direbobin motar asibiti, masu tura gado, da matan da ke zuwa da asuba su wanke jinin da ya bushe a ƙasa kafin masu aikin safe su karɓa. Ina kuma magana da bakin iyayen da muke fitowa mu tarar a baranda, mu kasa haɗa ido da su, su gane abin da ya faru tun ba mu buɗe baki ba.

A watan Satumba na 2015 ƙasashe 193 suka amince da muradun ci gaba mai ɗorewa. A muradi na 16 kun ɗauki alkawarin rage tashin hankali da kashe-kashe sosai, a ko'ina, nan da shekarar 2030. Wa'adin ya ƙarato, kuma wannan kalma ta "ko'ina" ita aka yi wa riƙon sakainar kashi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, wato UNODC, ya fitar a 2023 ya ce a shekarar 2021 an kashe mutum 458,000 da gangan, ban da waɗanda suka mutu a fagen yaƙi. Mutum 52 ke nan kowace awa. Sai dai wannan mutuwa ba a raba ta daidai ba. Cikin kowane mutum 100,000, nahiyar Amurka ta rasa 15, Afirka 12.7, Asiya 2.3, Turai 2.2. A Jamaika adadin ya haura 50. A Japan kuwa sai ka tara fiye da mutum 300,000 kafin ka sami guda da aka kashe a shekara. Latin Amurka da tsibiran Karebiyan ba su wuce kashi 8 cikin ɗari na mutanen duniya ba, amma kusan sulusin kisan kan da ake yi a duniya a can yake faruwa. Ruwa ba ya tsami banza. Kokenmu duka a kan yadda kuke fassara wannan bambanci ne, da abin da kuke yi da shi.

Kokenmu na farko, wanda ya fi ci mana rai, shi ne kuɗin goron da ake yi wa jama'ar yanki guda.

Wani daren Asabar, shekaru da suka wuce, samari uku suka kawo mana abokinsu a kan babur. Bai fi shekara 17 ba. Wuƙa ce ta shiga ƙasan haƙarƙarinsa na hagu, raunin bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ko jinin kirki babu a rigarsa, domin a ciki yake zuba. Mun rataya leda biyu ta jini, ina matsa ta biyun da hannuna don ta shiga da sauri. Ya riƙe min gefen riga yana cewa a gaya wa babarsa ba shi ya fara ba. Bai kai ɗakin tiyata ba. A rajista na rubuta sunansa, shekarunsa, da "raunin wuƙa a ƙirji", na ja layi, domin iyakar guraben da ke cikin littafin ke nan. Bayan kwana tara aka kawo wani yaro da sara a wuya, daga ɓangaren waɗanda ake zargi. Daga ranar na sayi ƙaramin littafi nawa na kaina. Duk wanda aka kawo da sara ko suka ko harbi, in tambayi masu rakiyarsa: a ina aka yi, da ƙarfe nawa, da wane makami. Da aka shekara, sai na ga sunan wurare uku ne ke ta dawowa: bayan wata tasha, wani lungu marar fitila, da ƙofar wata mashaya. Na ɗauki littafin na kai wa wani jami'i da ke da ikon yin wani abu. Ya ɗan buɗa shafi biyu, ya miƙo min, ya ce, "Malama, mutanen unguwar nan ai haka suke tun kakanninsu. A jininsu yake."

Wannan magana ba shi kaɗai ke yin ta ba. Ana yin ta a kan unguwa, a kan ƙabila, a kan jiha, a kan nahiya sukutum. Magana ce mai sauƙin faɗi, domin tana sauke wa mai mulki nauyi: idan a jini abin yake, to me za a tambaye shi? Amma alƙaluma sun ƙaryata ta ta ko'ina aka duba.

Ku dubi Turai da ake buga misali da ita yau. Farfesa Manuel Eisner na Jami'ar Cambridge ya bi tsofaffin takardun kotuna, ya gano cewa daga ƙarni na 13 zuwa na 15 ana kashe mutum 20 zuwa 40 cikin kowane 100,000 a sassan Turai, wato daidai da wuraren da ake kira mafiya haɗari a yau. Jikokin mutanen nan ne suka sauko zuwa wajen mutum 1 a ƙarni na 20. Italiya ta yi asarar sama da mutum 1,900 a 1991, lokacin da 'yan Mafiya ke cin karensu babu babbaka a kudancin ƙasar, yanzu kuwa wajen 300 ake samu a shekara. Birnin Medellin na Kolombiya ya kai wajen 380 cikin 100,000 a 1991, yau bai kai 20 ba. Ta ɗaya gefen kuma ga Ekwado: a 2018 ba ta kai 6 ba, ana lissafa ta cikin ƙasashen Latin Amurka masu kwanciyar hankali, a 2023 ta haura 40, an kashe kusan mutum 8,000. Wane jini ne ke canzawa cikin shekara biyar?

Ko a cikin ƙasa guda, mai doka guda da tuta guda, bambancin na nan. A Meziko jihar Yucatan tana wajen 2, jihar Colima kuwa ta kai wajen 100 a 'yan shekarun nan, kuma ba sai an yi dogon bincike ba kafin a lura cewa a Colima tashar jiragen ruwa ta Manzanillo take, inda sinadaran haɗa ƙwaya ke shigowa daga Asiya. A Amurka jihohin Mississippi da Louisiana sun haura 20 a 2021, New Hampshire da Maine ba su kai 2 ba. A Afirka ta Kudu lardin Eastern Cape da na Limpopo duka suna cikin mafiya talauci, amma kisan da ake yi a Eastern Cape ya ninka na Limpopo fiye da sau uku. Idan aka ƙara matsowa kusa, abin ya fi haka ƙanƙancewa. Masanin laifuka David Weisburd ya bi bayanan birnin Seattle na Amurka na shekara 14, ya ga rabin laifukan birnin a kan kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na layukansa suke faruwa, shekara bayan shekara. Abin da littafina ya nuna min ke nan tun ban taɓa jin sunan mutumin ba. Unguwar da aka yi wa tambarin "mugun wuri" mafi yawan layukanta lafiya lau ake kwana, kuma mazaunanta su ne suka fi kowa cutuwa da 'yan tsirarun da ke ɗaukar makami.

Tambarin nan yana da farashi, kuma mu muke ganin masu biya. Direban motar asibiti ya ƙi shiga unguwar da dare. Yaro ya je neman aiki, ya faɗi inda yake zaune, a ce za a neme shi. 'Yan sanda ba sa shiga sai a ayari, su kwashe duk namijin da suka tarar a waje, gobe kuma a nemi wanda zai ba da shaida a rasa.

Kokenmu na biyu: ba ku ƙirga gawarwakinmu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa mace-mace 4 cikin 10 a duniya ba a yi musu rajista, kuma a yankin Afirka mutuwa 1 kacal cikin 10 ake rubutawa, alhali a Turai kusan duka ana rubuta su. Ma'anar wannan ita ce adadin 12.7 da aka ba Afirka yawancinsa ƙiyasi ne. Ƙasa tana iya fitowa fes a jadawalin duniya don kawai babu mai ƙirgawa, wata kuma ta sha suka don ta yi gaskiya ta buga nata. Ministan da ba shi da lissafi da me zai raba 'yan sanda? Da ƙarar da ta fi tashi a rediyo, ko da unguwar da manya ke zaune.

Ko inda ake ƙirgawa, littafin 'yan sanda kaɗai ake dubawa, shi kuwa bai cika ba. Wani likitan tiyatar fuska a birnin Cardiff na Birtaniya, Jonathan Shepherd, ya gaji da ɗinke fuskokin da aka yanka da fasasshen gilashi, ya bincika, ya gano cewa mafi yawan waɗanda ke zuwa asibiti da raunin faɗa 'yan sanda ba su san da su ba. Sai ya kawo tsari mai sauƙi: a wurin karɓar majinyaci a tambayi wuri da lokaci da makami, a cire suna, a miƙa wa 'yan sanda da hukumar birni duk wata. Binciken da aka buga a 2011 ya nuna kwanciyar asibiti saboda faɗa ta ragu da kashi 42 cikin ɗari a Cardiff idan aka gwada da birane irinsa. A birnin Cali na Kolombiya ma likita ne, Rodrigo Guerrero, ya zama magajin gari a 1992, ya ɗauki kisan kai kamar annoba. Ya sa aka riƙa zana kowane kisa a taswira, sai ga shi yawancinsu a ƙarshen mako ne, musamman idan ya zo daidai da biyan albashi, kuma da giya a ciki. Ya taƙaita lokacin sayar da barasa, ya hana yawo da bindiga a irin waɗannan ranaku da ranakun zaɓe. An auna daga baya, aka ga kisa ya ragu da kashi 14 cikin ɗari a ranakun da dokar hana yawo da bindiga ke aiki. Duk wannan da takarda da biro aka fara shi.

Kokenmu na uku shi ne, duk sanda lissafi ya tashi a wani yanki, amsa guda kuka sani: a tura sojoji.

Ba na raina aikin jami'an tsaro. Na yi jinyar da yawa daga cikinsu, na ga matansu a baranda guda da sauran mata. Akwai wurin da ba ya shiguwa sai da ƙarfi. Amma ku dubi Meziko. A watan Disamba na 2006 Shugaba Felipe Calderon ya tura sojoji jihar Michoacan don yaƙar masu fataucin ƙwaya. A 2007 kisan kai a ƙasar bai kai 9,000 ba, a 2011 ya haura 27,000. An kama manyan 'yan ƙwaya, an kashe wasu, gungun da ke hannunsu ya dare gida-gida, kowane ɓangare na neman gadon hanya da kasuwa, talaka a tsakiya.

Na san za a ce min ga El Salbado. Gaskiya ne, ƙasar da ta haura 100 cikin 100,000 a 2015, gwamnatinta ta ce ta sauko ƙasa da 2 a 2024, kuma uwar da a da ba ta iya aiken ɗanta ƙetaren titi tana da hakkin ta yi murna. Ba zan raina mata wannan ba. Sai dai tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a watan Maris na 2022 an kama sama da mutum 80,000, yawanci ba tare da sammacin kotu ba, ƙungiyoyin kare hakkin ɗan Adam sun lissafa ɗaruruwan da suka mutu a tsare, kuma Shugaba Nayib Bukele da bakinsa ya ce an saki mutum 8,000 da ba su da laifi. Duk ministan da ke sha'awar kwaikwayon wannan hanya ya fara gaya wa jama'arsa 'ya'yan wa za a kwashe bisa kuskure.

Abin da ya fi raba yankunan duniya, a ganina, shi ne ko mai kisa yana sa ran za a kama shi. Rahoton UNODC na 2013 ya kwatanta: cikin kowane kisa 100, a Turai ana yanke wa mutum 81 hukunci, a Asiya 48, a nahiyar Amurka 24. Inda uku cikin huɗu ke tafiya salin-alin, ɗan'uwan mamaci ya san kotu ba za ta share masa hawaye ba, sai ya nemi wuƙa. Yaron da aka kawo mana bayan kwana tara ramuwar gayya ce ta kawo shi. Da an kama wanda ya soki na farko a cikin kwanakin nan, da wataƙila gawa ɗaya muka rufe da zane. Masu binciken kisa, ɗakin gwaje-gwaje, likitan da ke duba gawa, kariyar mai ba da shaida, su ne ake bari babu kuɗi, a sayo motoci masu sulke. An bar jaki ana dukan taiki.

Na huɗu ya shafi ƙasashen da ke ganin kansu a gefen lafiya. Ekwado tana tsakanin Kolombiya da Peru, manyan masu noman ganyen da ake hodar ibilis da shi, kuma ta tashar Guayaquil hodar ke fita a cikin kwantenoni. Ina take zuwa? A 2023 kaɗai an kama tan 116 a tashar Antwerp ta Beljiyam. Mai shaƙa yana birnin da lissafin kisansa bai kai 2 ba, gawar kuma tana Guayaquil. Haka bindiga. A nahiyar Amurka kusan kashi uku bisa huɗu na kisan kai da bindiga ake yi. Meziko shagon sayar da bindiga na halal biyu kacal gare ta, duka a hannun soja, amma wani rahoton gwamnatin Amurka ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na bindigogin da aka ƙwace a Meziko aka bi diddiginsu tsakanin 2014 da 2018 daga Amurka suka fito. Mu da muke ɗinki mun san bambancin. Wanda aka soka sau da yawa yana kaiwa gare mu da rai, wanda aka harba a ciki ko a kai sau tari mutuware ake wucewa da shi. Faɗa iri ɗaya, fushi iri ɗaya, makamin da ke kusa ne ke yanke hukunci.

Sai batun talauci, wanda kowa ke rataya wa laifi. Da talauci kaɗai ne, da ƙasashe da dama na Asiya masu ƙaramin ƙarfi sun fi Birazil zubar da jini, amma ba haka abin yake ba. Binciken da masana na Bankin Duniya suka buga a 2002 ya nuna tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi ita ce ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da kisa da fashi. Saurayin da ke kallon dukiya ta saman katanga kullum, ba makaranta, ba sana'a, ba wanda ke kiran sunansa da mutunci sai shugaban daba, shi ne aka fi kawo mana, shi ne kuma aka fi nema ruwa a jallo. Maza su ne kashi 8 cikin 10 na waɗanda ake kashewa, kuma su ne 9 cikin 10 na waɗanda ake zargi. A birnin Chicago, masanin zamantakewa Robert Sampson da abokan aikinsa sun auna unguwanni 343 a binciken da suka buga a 1997, suka gano cewa ko a cikin unguwannin matalauta, inda maƙwabta suka yarda da juna, babba ke iya tsawatar wa ɗan wani, tashin hankali ya fi ƙaranci. Wannan yarda ita ce samamen kan mai uwa da wabi ke rushewa.

Giya ma kada a raina ta. Ranar 1 ga Janairun 2021, bayan Afirka ta Kudu ta hana sayar da barasa saboda annobar korona, asibitin Chris Hani Baragwanath da ke Soweto ya sanar cewa a karon farko a tarihinsa an wayi garin sabuwar shekara babu majinyaci ko ɗaya a sashen masu munanan raunuka. Na ga hoton gadajen nan babu kowa a kai, na daɗe ina kallonsa.

Akwai kuma kisan da taswirar tituna ba ta nunawa. A 2023 an kashe mata da 'yan mata kimanin 85,000 a duniya, 51,100 daga cikinsu miji ko saurayi ko ɗan'uwa ne ya kashe su, mace 140 ke nan kowace rana, kuma Afirka ce ta fi yawa. Wannan nau'in ba ya sauka da sauri ko a inda kisan titi ya ragu. Mu mukan gan su tun da sauran rai. Ta zo da karayar hannu ta ce faɗuwa ta yi, bayan wata uku ta dawo da kumburarren ido, shi kuma yana tsaye a bakin gado yana amsa duk tambayar da aka yi mata. Ba mu da inda za mu tura ta idan an sallame ta, sai gidan da ta fito.

Masu girma, ga abin da muke roƙo.

Ku wajabta rajistar kowace mutuwa tare da sanadinta, kyauta, a kusa da jama'a. Ku riƙa buga alƙaluman kisa duk wata, jiha-jiha, gari-gari, a fili inda ɗan jarida da ɗalibi za su iya gani, ko da lissafin bai yi muku daɗi ba. Akwai tsarin rarraba laifuka na bai ɗaya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi tun 2015, ku yi aiki da shi don a iya gwada ƙasa da ƙasa ba tare da ruɗu ba.

Ku ware kaso tsayayye na kasafin tsaro don binciken kisa da kare masu ba da shaida, kuma ku riƙa auna kwamishinan 'yan sanda da yawan kisan da aka warware har kotu, a daina auna shi da yawan waɗanda ya jera a gaban kyamara.

Ku zuba kuɗi a ainihin wuraren da jini ke zuba, domin an gwada an gani. A Philadelphia share kangwaye da shuka ciyawa a cikinsu ya rage harbe-harbe da kashi 29 cikin ɗari a unguwannin matalauta. A Medellin, bayan an haɗa unguwannin kan tudu da tsakiyar birni da motar igiya mai tafiya a sama a 2004, aka gina ɗakunan karatu da filayen wasa, kisa ya fi raguwa a can nesa ba kusa ba fiye da unguwanni irinsu da ba a taɓa ba, kodayake mutuwar ƙasurgumin mai fataucin ƙwaya Pablo Escobar a 1993 da sulhun da gungun 'yan ƙwaya suka yi a tsakaninsu su ma suna da nasu kason. Garin Diadema na Birazil ya sa a rufe mashaya da ƙarfe 11 na dare a 2002, kisa ya sauka. A Chicago ba samari aikin yi na mako takwas a lokacin hutun makaranta ya rage kama su da laifin tashin hankali da kashi 43 cikin ɗari. A Monrobiya ta Laberiya an ɗauki samari kusan 1,000 da ke rayuwar titi, wasunsu tsofaffin mayaƙa, aka koya wa wasu yadda ake danne fushi da tsara gobe na mako takwas tare da ɗan jari, bayan shekara goma aka tarar sata da fashi a cikinsu sun ragu da kusan rabi. Glasgow ta Sikotilan, wadda aka taɓa yi wa laƙabi da babban birnin kisa na yammacin Turai, an kafa mata sashen rage tashin hankali a 2005, aka zaunar da 'yan daba gaban likitoci da iyayen mamata, aka ba su zaɓi tsakanin taimako da hukunci. Kisa a Sikotilan ya sauko daga 137 a shekarar 2004 zuwa 2005, ya koma ƙasa da rabin haka.

Ƙasashen da ke ƙera bindiga da waɗanda ke shan hodar, ku ɗauki naku kason. Ku bi sawun makaman da ke fita ta iyakokinku da kuɗin da ake wankewa a bankunanku da irin himmar da kuke binciken jakar matafiyi.

Ku samar da mafaka ga matan da ke gudun duka, da lambar waya mai aiki da za mu iya kira da ƙarfe biyun dare.

Ku kuma ja kunnen jami'anku. Duk wanda ya tsaya gaban jama'a ya ce mutanen yanki kaza ko ƙabila kaza haka Allah ya yi su, a tambaye shi lissafinsa na layi-layi, a tambaye shi kisa nawa ya kai kotu a bana.

Roƙona na ƙarshe na ministocin lafiya ne, kuma ba ya buƙatar zaman majalisa. Ku ƙara gurabe uku a rajistar kowane sashen gaggawa: a ina, da ƙarfe nawa, da wane makami. Ku naɗa mutum guda da zai riƙa tattara su duk ƙarshen wata, ya cire sunaye, ya kai teburin da ɗan sanda da shugaban ƙaramar hukuma da wakilan unguwa ke zaune tare. Littafina na shida nake ciki yanzu, kuma lungun nan marar fitila har yau yana fitowa a cikinsa.

Wassalam. Allah ya yi muku jagora.

Taku,
Ma'aikaciyar jinya a sashen agajin gaggawa, a madadin abokan aiki da iyayen waɗanda muka rasa.